Koren Fenti

Shekara tara ina tuƙa shi,
Malachy Hession, ɗan masunci daga gaɓar Mayo,
wanda ya koyi lissafi a kurkukun Ingila
ya fito da tari da kwat ɗin wani.

Ranar da aka rantsar da shi minista a Dublin
ruwa ake tsugawa, kamar kullum.
Ya ce, Turlough, tsaya nan.
Ya sauka ya dafa jan akwatin wasiƙu na bakin titi,
ya ce gobe a shafe shi da kore.
Aka shafe. Har yau in ka sa yatsa
za ka ji kambin sarkin da aka sallama
kwance ƙarƙashin fenti, bai yi ƙaura ba.

Sai yaƙin gida.
Wanda kuka ci dankali a kwano ɗaya
shi ke dakonka bayan katangar dutse.
Ƙanensa Colm na can cikin tsaunuka
tare da masu cewa yarjejeniyar nan cin amana ce.
Wata takarda ta zo da tsakar dare, sunaye huɗu,
ana jiran sa hannu kafin asuba.
Ban ga abin da alƙalaminsa ya yi ba.
Na dai ga ya fito ba hula,
ya zauna a baya, ya ce in yi ta tafiya.
Muka yi ta zaga gari
har mai ya ƙare mana a bakin kogin Liffey.

Daga nan sai aiki, kamar mai gudun inuwarsa.
Ya ja waya har ƙauyukan da ba su roƙa ba,
ya kwana uku yana sa-in-sa a majalisa
a kan kwabo ɗaya na kan sarki.
Jarida ta zana shi da kunnen jaki.
Ya yanke hoton, ya adana a aljihu.

Zaɓe ya zo, ya faɗi da ƙuri'a sittin da uku.
An ce ko mahaifiyarsa ba ta fita ba ranar.

Ni na mai da shi gida, da akwati biyu da agogon bango.
Dab da cocin ƙauyensu ya ce in tsaya.
Ya zaro wani ambulan da ya sha jiki,
ya jefa a koren akwatin.
Na hango bayansa: suna ɗaya ne,
ba adireshi, ba kan sarki.

Ya dawo yana kakkaɓe ruwa daga kafaɗa.
Ya ce, an bar fentin nan yana ɓarewa,
wa ke kula da shi yanzu?