Madubin Bakin Famfo

A makarantarmu ta Paramaribo,
inda ruwa ke dukan kwano tun asuba,
akwai tsagaggen madubi a bakin famfo.
Ni na kafa shi da ƙusa ɗaya
shekarar da na fara sharar wurin.

Ran Talata Wagimin ya zo da soyayyar ayaba,
biyar cif, a ƙunshe cikin jarida,
mai ya jiƙe takardar har ana ganin yatsa.
Kakarsa ce ta soya, ya gaya wa kowa,
amma bai ce wa kowa bismilla ba.

Ya laɓe a bayan tanki,
ya tura ɗaya, ya bi ta da ta biyu,
kumatu tam kamar na gafiya.
Da ya zo wanke hannu
sai suka haɗa ido, shi da shi.
Yaron cikin madubi na tauna a sace,
a bayansa kuma, daidai inda tsagar ta ƙare,
Indrani ce a kan benci
tana buɗe gwangwaninta tana rufewa.
Gurasarta ta faɗa kwata da safe,
ni na kwashe.

Na tsaya da tsintsiya, ban ce uffan ba.
Ya daɗe yana duban bakin nan mai maiƙo
kamar bakin wani ne aka ara masa.

Biyu ya kai mata.
'Yan ƙwallo suka yi masa ihu,
wai ya zama mai yi wa mata hidima.
Kunnensa ya ɗau zafi, bai waiwaya ba.
Ta ƙarshen ya juya ta a hannu,
ga Kojo, ɗan ƙauyen can saman kogi,
da har yau harshen aji ke yi masa nauyi.
Ya karya, ba ta karyu daidai ba,
ya miƙa ƙaramin, ya tsaya,
ya janye, ya miƙa babban.

Indrani ta ci ɗaya da rabi.
Rabin ta miƙa wa wanda ya fi kowa ihu,
ya karɓa yana kallon takalminsa.

Kashegari shugaba ta kira ni,
ta ce a cire gilashin kar ya yanki wani.
Na ce to, ranki ya daɗe.
Da yamma, bayan an tashi,
na ƙara masa ƙusa biyu.