Sandar Awon Mai

Allurar mai ta daɗe da mutuwa,
tun Baba na da ƙarfin murɗa sitiyari.
Abin da ya bar mini: akori-kura fara mai tari da asuba,
da sandar geza mai tsaga bakwai
da ake tsomawa a tanki a ji gaskiya.

Daga Gumel zuwa Dawanau, da riɗi buhu goma sha biyu,
a da tsaga huɗu take sha.
Bana ta shanye biyar, har tana leƙen ta shida.
Ina tsaye gaban famfon gidan mai,
lambobi na gudu kamar an koro awaki,
aljihuna yana ramewa ina kallo.

Na kai ta wurin Kallamu, gindin darbejiyar bakin tasha.
Bai taɓa ta ba tukuna. Ya ce, tayar.
Ya kara kunne, ya shaƙi hayaƙin salansa, ya tofar da yawu.
"Ba ciwo gare ta ba, Ilu, numfashi ne ya toshe.
Kai ma a ɗaure maka hanci da tsumma, a ce yi gudu,
ka ga malmala nawa za ka tashi da ita."
Ya zaro matatar iska, baƙa kamar gindin tukunya.
Fulogi huɗu, biyu sun tsiro gemu.
Ya wanke kafireta da haƙurin mai wankan jariri,
ya juya noti guda, kaɗan,
ya sake juyawa, kaɗan,
har muryarta ta sauka daga faɗa zuwa hira.

Mai faci ya ɗora ma'auni a tayar baya, ya kece da dariya:
"Wata nawa kana jan ta da rarrafe?"

A gida na sauke fasinjojin da ba su taɓa biya ba:
mataccen giyabos, rim biyu, sarƙa mai tsatsa,
da wani ƙarfe da ko Baba bai san aikinsa ba.
Tamfol ɗin da ke kaɗawa a baya kamar babbar riga
yana kokawa da iska, ni ina biyan kuɗin kallo,
na ja igiya na ɗaure shi tamau.

Amma Kallamu ya riga ya faɗa, yana goge hannu:
"Sauran gyaran a ƙafarka yake.
Wannan kuwa ba ni da sifanarsa."

Ban gane ba sai wata Talata.
A Gujungu Goggo Dudu ta shigo gaba,
ƙwaryar nono cike a cinyarta, faifai kawai a kai.
Ta dube ni, ta dubi totur.
"Ko ɗigo ya taɓa zanena, kai ka saya."

Na tashi kamar mai fita ɗakin mara lafiya.
Na sa giya a kan lokaci, ba gurnani.
Rami, tun daga nesa nake gaishe shi.
Shingen hanya, na ɗage ƙafa tun kafin a ɗaga mini hannu,
burki ya samu hutun da bai taɓa samu ba.
Saba'in. Na riƙe saba'in kamar alwala.
Yaran bas suna wucewa fuu, ɗaya ya leƙo:
"Baba, kunkuru ka ɗauko?"
Goggo ta ce, "Ƙyale shi, shi ba ya da nono."

Ta sauka a Gezawa, zanenta a bushe.
Ko sallama ba ta tsaya yi sosai ba, kasuwa na ci.

A Dawanau, kafin 'yan dako su gama sauke kaya,
na tsoma sanda, na zaro, na kai ta rana.
Tsaga uku da rabi.
Na goge ta a wando, na sake tsomawa,
don kada geza ta fara ƙarya da tsufanta.
Uku da rabi.

Ban sake haɗuwa da Goggo Dudu ba.
Amma kujerar nan ko babu kowa,
ko buhun gishiri ne zaune a kanta,
ƙwaryar tana nan, cike har baki,
faifai yana rawa kaɗan a kwanar Gujungu,
ni kuma ina lallaɓawa.