Maɓallan Anselmo

Duk daren Talata, tara daidai,
kakata Eulogia kan ture keken ɗinki gefe,
ta jawo kujera gaban talabijin
kamar wadda kotu ta kira ba da shaida.

Garinmu Valparaíso rataye yake a jikin tudu,
fitilunsa na gangarawa har bakin teku.
A layinmu kowace taga haske ɗaya take zubarwa,
don wasa ɗaya ake kallo:
na shekarun da soja suka karɓe gari,
mutum ya fita sayen sigari
a neme shi sama ko ƙasa.

Ni kuka nake sha.
Saurayin wasan dogo ne, ga wushirya,
in aka doki ƙofarsu da gindin bindiga
sai goge ya ɗauka a hankali
har in rasa inda zan sa raina.
Ita kuwa ko gezau.

"Ƙarya," in ji ta. "Dubi maɓallin kwat ɗinsa.
Roba ce. Mu na ƙaho muke ɗinkawa."
Haba Kaka, ana jan mutum a ƙasa,
ke maɓalli kike dubawa?
"Kuma babu goge.
Wa ya ba su goge?
Kare ne ya yi haushi sau biyu,
sai maƙwabcin da ya ƙure muryar rediyo
don kada kunnensa ya jawo masa."

Safiyar Laraba a shagon burodi musu kan kaure.
Fermín, tsohon ma'aikacin kwastan,
ya ce an cika gishiri,
zaɓe ne ya ƙarato, shi ya sa ake tonon kabari.
Malama Rosaura ta ce ko cokali ba a ɗiba ba
daga abin da ke cikin tukunya.
Su rabu kowa na huci,
kowa da burodin tanda ɗaya a hammata.
Kaka ba ta taɓa sa baki ba.
Canjinta kawai take ƙirgawa.

Daren da za a ƙare wasan
har masu gasa kifi sun tashi da wuri.
Sai ga saurayin ya dawo,
an barbaɗa masa furfurar gari a ka,
ya ƙwanƙwasa, uwa ta buɗe, ta zube.
Na ji tafi ta bango,
na ji wata na rusa kuka a bene na uku,
ni ma na jiƙa hannun riga.

Kaka ta kashe akwatin tun ba a gama jero sunaye ba.
Ta ɗauko gwangwanin biskit daga saman kabad,
ta zazzage a tafin hannu:
maɓallai biyar, na ƙaho,
sun yi santsi don yawan shafa.

"Shida ne," ta ce.
"Ɗaya kawai na ɗinka, ya fizge kwat ɗin ya sa.
Na ce Anselmo, tsaya in ƙarasa.
Ya ce Yaya, yanzu zan dawo,
ki bar zaren a allura."

Ban san tana da ƙane ba.
Shekara goma sha tara ina cin tuwon hannunta,
ban san tana da ƙane ba.

Can ƙasa jirgin ruwa ya yi gunji.
Ta mai da su ɗaya bayan ɗaya, tana sauraron ƙarar kowanne.
"Wanda ya rubuta wasan nan yaron kirki ne," ta ce,
"amma bai taɓa jiran kowa ba.
Da ya taɓa, da ya san ba a zubewa.
Tambaya ake yi: ka ci abinci?"

Talatar da ta biyo gasar girki aka sa.
Ta jawo kujerarta duk da haka,
ta miƙo min allura da baƙin zare,
idonta ya daina ganin kafar.