Minti Goma a Ƙofar Ƙwaya

Minti goma na yi, Allah ne shaidata,
ƙila ma goman ba ta cika ba.
Na tsaya Ƙofar Ƙwaya karɓar maganin tsohuwa,
na bar gilashi da 'yar kafa don zafin rana,
kafar da ba ta wuce yatsu huɗu ba.
Ita kuwa tana ƙarƙashin kujerar baya,
na naɗe ta cikin darduma,
sai ka ce darduma maigadi ce.

Mai baki biyu ce, gadon Baba.
Gindinta ya tsage tun ina yaro,
ya ɗaure wurin da jar waya.
Ita ta raba kura da garkenmu a Kaita.
Ranar da ya miƙo mini ita bai yi dogon wa'azi ba,
cewa ya yi, "Sada, wannan ba ta san mai ita ba.
Duk hannun da ya riƙe ta, shi ne ubanta."

Na fito da ledar magani, na tarar da ƙofa a sake.
Kuɗin mai suna nan, wayata tana nan,
dardumar ma sun bar mini, yashe kan kwalta.
Mai rake ya ce bai ga kowa ba.
Mai faci ya ce shi kansa na ƙasa.

Kwana uku ban doshi caji ofis ba.
Kunya na ji, ita na fifita.
Ran na huɗu na kai lasisi cikin leda,
Saje ya rubuta, ya ɗago ya dube ni:
"Alhaji, ka kulle motar?"
Na ce na kulle.
Wannan ƙaryar ma tana cikin littafinsu da sa hannuna.

Bayan sati shida, a hanyar Batsari,
aka tare Rabe mai albasa da asuba,
buhu biyu a bayan babur.
Suka ɗauki babur, suka bar buhunan,
albasa ta watse har bakin kwalbati.
Masu wanka sun ce harsashin mai baki biyu ne.
Masu baki biyu a ƙasar nan ba su ƙirguwa,
haka nake gaya wa kaina in dare ya raba.
Ba wanda ya ce tawa ce.
Ba kuma wanda zai rantse mini ba ita ba ce.

Abokai sun ce ƙaddara.
Sun ce wanda ya ja kunama shi ke da alhaki,
kai ma ai cutar ka aka yi.
Na ji, kuma da gaskiyarsu.
Amma a garinmu in sa ya tsinke ya shiga gonar wani,
ba a kai san gaban dagaci,
mai turke ake kira.
In ɓera da sata, ku bar ni in faɗi sauran,
ni ne daddawar.

Na je ta'aziyya ban san kowa a gidan ba.
Na zauna gefen tabarma, ƙarshen layi.
Wata 'yar yarinya, kitsonta rabi an kwance,
ta durƙusa ta miƙo mini ruwa a kofin silba.
Aka ce autarsa ce, Bara'atu.
Na karɓa da hannu biyu, na sha,
har yau ruwan bai gama wuce mini wuya ba.

Yanzu ina kulle mota sau biyu,
in ja ƙofa, in dawo in sake ja,
alhali babu komai ciki sai taya da jarka.

Dardumar na wanke ta sau uku.
Duk da haka in na kai goshi ƙasa,
warin man bindiga ke fara gaishe ni,
kafin in ce komai ga Ubangiji.