Kunnen Hagu

Shekara goma sha tara ina ɗura wa injin jirgin fito mai
tsakanin Kowloon da tsibiri,
injin kuwa ya karɓi ladansa a kunnena na hagu.
Bai cinye duka ba.
Gutsura ya yi, irin ta ɓera da sabulu.

Dala dubu da ɗari biyu na tara
a gwangwanin shayi, bayan tukunyar shinkafa.
A babban kantin Mong Kok
wani yaro mai farar safar hannu ya buɗe mini gilashi,
ya ce wannan iyafis dubu tara, wancan dubu sha huɗu.
Na yi godiya kamar an yi mini kyauta,
na fito, kuɗina ko iska ba su sha ba.

Titin Apliu, hawa na huɗu, lif ya mutu tun bara.
Ƙofa babu allo, sai ƙaurin dalma.
Au-Yeung Suk-han tana zaune a ƙarƙashin fitila,
tabarau biyu, ɗaya bisa ɗaya,
tana ɗinke waya mai sirancin gashin jariri.
Ita da ƙanenta ne kamfanin duka.
Talatin suke yi a wata, in ido bai yi gardama ba.

Ba ta tambayi nawa na riƙo ba.
Ta ce, me kake ji?
Na ce 'yata, Hoi-lam.
Tana karatu a ƙasar da rana ke faɗuwa ƙarfe huɗu,
duk Lahadi tana turo mini fiyanonta ta waya,
minti shida, wani lokaci bakwai.

Na farko baƙi ne, mai nauyi.
Ƙasan sautin ya taso ya danne komai,
na ce a'a, wannan ai wurin aikina ya mayar da ni.
Na biyu ja ne, kyakkyawa, har na so shi tun a tafin hannu,
amma saman sautinsa allura,
minti ɗaya na ji haƙorana suna tsami.
Ta yi dariya. Ta ce matasa shi suke saye.

Na uku ko fenti babu,
launin ruwan wanke shinkafa,
ana hango hanjinsa ta cikin roba.
An ce araha ba ta ado. To, bai yi ba.
Na sa, na danna.

Ta lura ina karkata kai, ina miƙa dama gaba
kamar mai leƙen taga.
Ta zare na hagun ba ta nemi izini ba,
ta ɓare shi, ta cire wani ɗigon abu da hantsaki,
ta sa wani, ta hura, ta rufe.
Rabin awa ina kallon tantabaru a kan wayar lantarki.

Da na mayar,
fiyanon ya baro gefe ya dawo tsakiyar kaina ya zauna.
Sai ga kujera ta yi ƙara.
Sai ga, kafin wurin nan mai wuya
inda yatsunta ke yawan tuntuɓe,
wani ɗan numfashi, gajere, ta hanci.
Haka take ja tun tana shekara biyar
in za ta tsallake kwata.
Wata takwas yana cikin wayata,
ban san yana nan ba.

Dubu da ɗari da hamsin.
Babu kwali, babu takardar garanti,
jakar leda ce da lambar wayarta a bayan rasit.
Ta ce in waya ta tsinke ka hawo,
in lif ya tashi, ka yi sa'a.

Hamsin ɗin da ta rage na sha taliya da ita a tsaye.
A jirgin ƙarfe shida na koma bakin inji,
iyafis a aljihun ƙirji, cikin leda, nesa da mai.
Yau Alhamis.
Saura kwana uku.