Yatsu Tara

Alhaji Kakale ya ce, "Kafin Alhamis."
Injin casa ya kwana shida a kwance,
buhu ɗari huɗu sun jingina da bango suna jiransa,
mai gyaranmu ya tafi biki Kano, bikin ya zama ƙaura.

To, ni ce mai neman mutane.
Da, yaro ake turawa tasha da saƙo,
yau babban yatsana ne ɗan aike,
yana hawa yana sauka a kan gilashi.
Argungu ta yi barci,
saura ni da sauro da hasken waya.

Na ga masu kwat. Na ga murmushin haya.
Wani ya rubuta ya ƙware a komai,
na tambaye shi lambar bel, ya turo min addu'a.
Wani na shiga shafinsa neman takarda
na tarar da zaman makokin mahaifiyarsa,
na karanta har ƙasa, na ce Allah ya jiƙan ta,
na fito da sanɗa
kamar wadda ta leƙa katangar maƙwabta.
Aikin nan akwai leƙe a cikinsa.
Ba na so, amma ina yi.

Daren Talata, data saura ƙiris,
sai ga bidiyo, minti biyu, yana rawa.
Babu fuska. Hannu ne kawai
a cikin hanjin injin ban-ruwa, a wata fadama.
Yatsu tara. Na ƙirga sau biyu.
Murya daga sama tana cewa,
"Saurara. Ba mai na ba. Ji yadda shika tari."
Ya dafa ƙarfen kamar mai duba zazzaɓin jariri,
ya murɗa noti ɗaya,
ruwa ya yi tsalle, yara suka ɗauki ihu.
Mutum goma sha ɗaya suka so shi.
Na zama ta sha biyu.

Na tura saƙo. Shiru.
Na kira. A kashe.
Amma bayan hannun akwai giginya biyu
da allon makaranta mai rabin suna: unza.

Laraba da sassafe na hau motar Bunza.
Na nuna wa mai faci, ya tura ni wurin mai shayi,
mai shayi bai ko gama kallo ba:
"Ai Baba Attahiru na."

Wayar ta jikarsa ce, Shafa'atu, 'yar aji biyar.
Ta faɗa randa tun Asabar,
tana kwance cikin kwanon shinkafa tana jinya.
Shi bai ma san ya shiga duniya ba.
Shekara ashirin da biyu ya yi a masaƙa a Kaduna,
har ranar da aka kashe wuta aka ce su dawo gobe.
Yatsan yana can, in ji shi, ya bar musu ajiya.

Na ce, "Baba, takardun aiki fa?"
Ya buɗe tafin hannu biyu ya shimfiɗa kan tabarma.

Fom ɗina gurbi goma sha huɗu ne.
Imel. Difiloma. Kada a wuce shekara talatin da biyar.
Na cike suna, na cike gari.
Inda aka ce ta wace hanya aka same shi
na rubuta: jika.

Yanzu muna hanya. Yana gidan gaba,
jakar sufanu a cinya kamar mai kai jariri asibiti,
ni a baya, tsakanin buhun albasa da wata mai barci,
ina tauna abin da zan gaya wa Alhaji.

Wayata ta yi ƙara wajen Kalgo.
Mai kwat ɗin nan ne, mai addu'a:
"Hajiya, barka da rana, ko an yanke shawara?"

Na rubuta, na goge. Na rubuta, na goge.
Shi ma akwai mai jiransa da cefane.