Zaren Ulu da Jan Biro

Mahaifina ɗan kuza ne, a Bukur ya tsufa.
Bargo ɗaya ya bar mini, da magana ɗaya:
"Kwabon da ke hannunka ya fi sulen da kake hange."
Na riƙe ta da haƙori.

Shekara goma sha ɗaya ina akawun makaranta,
ina takawa daga Rikkos har Farin Gada
don kada mai keke ya san zurfin aljihuna.
Guntun sabulu ba ya mutuwa a gidana,
sai ya hau bayan sabo su ƙare tare.
Ashana ƙirga ta nake.
Ganyen shayi sai ya ga tafasa biyu
kafin in sallame shi.

Wani dare, sanyin Jos na rarrafowa ta ƙasan ƙofa,
Azumi ta ajiye ludayi ta dube ni:
"Malam, ka iya toshe bokiti.
To, wa zai je rijiya?"
Na ce albashi ai yana zuwa.
Ta ce, "Yana zuwa, amma kullum a rame."

Don in rufe mata baki
na jawo gwangwanin da na ɓoye shekara uku.
Muka ƙirga. Cif, ko naira ba ta yi ciwon kai ba.
Sai dai kuɗin da a da zai ɗauko buhu biyu na shinkafa,
yau ko ɗaya sai da ciko.
Ƙofa a kulle, kwaɗo lafiya lau,
amma an yi mini sata.

Na ba ta rabi, yatsuna na gardama.
Ta sayo ulu a Taminus, ja da ruwan toka,
ta karɓi tsohon keken saƙa wajen Kaneng maƙwabciyarmu.
Dare ya koma ƙarar keke, je ka dawo, je ka dawo,
hular jarirai, safa, rigar sanyin 'yan makaranta,
ni kuwa ina ƙarƙashin bargon babana
ina lissafin abin da fitila ke ci.

Kaya suka yi ta fita kamar ana rabo.
Wata uku na haƙura, sannan na ce, "Ina riba?"
Ta zazzage jaka:
canji kaɗan, allura, ɓawon gyaɗa.
Ta Gangare sai mijinta ya dawo daga tafiya,
ta Dilimi ta ce ƙarshen wata, ba ta ce wane ba,
saura kuma ya shiga ankon biki.
Ruwa kam ta ɗebo, har da gumi,
bokitin ne ba gindi.

Ban ce "ai na faɗa miki" ba.
To, na ce. Sau ɗaya.
Kwana biyu ina shan miya lami.

Rana ta uku na kawo littafi da jan biro,
muka zauna gwiwa da gwiwa.
Nan uwar kuɗi, ko da wasa ba a taɓa ta.
Nan bashi, da suna, da rana.
Nan cefane, nan kuɗin makaranta.
Ta ce, "Ƙara layi ɗaya: nama, ran Juma'a."
Na ce tsada.
Ta ce, "Da ruwan ciki ake jan na rijiya."
Na ja layin, siriri.

Har yau ba mu daina musu ba.
Tana ce mini mai hannun jarirai,
ina ce mata kwandon ɗiban ruwa.
Sabulu na nan yana goyon ɗan'uwansa,
amma in hadari ya haɗo daga Naraguta
yanzu nakan tsayar da keke.

Jiya ta miƙo mini rigar sanyi, ruwan toka,
daidai wuyana, daidai kafaɗa.
Na sa, na ji ɗumi har ƙashi, na yi godiya.
Da safe na buɗe littafi,
sai ga sunana a layin bashi,
da rubutunta, da rana.